Matoshin jijiyar da ban yarda a saya wa Baba ba

Yau labarin gidanmu na kawo muku. Na daɗe ina jinkirin rubuta shi, domin har gobe idan zancen ya taso tsakanina da Yayana, sai kowa ya kama wata maganar. Amma a 'yan watannin nan mutum uku sun shigo kantinmu da irin takardar da aka taɓa miƙo mana, da irin tambayar da muka yi wa kanmu, sai na ga shirun ya isa.

A watan Fabrairun 2024 mahaifinmu ya fara kukan nauyin ƙirji. Shekararsa 68 a lokacin, yana da hawan jini tun da daɗewa, tsohon ɗan kasuwar yadi ne da gobarar kasuwar Taminus ta 2002 ta mayar da shi ƙaramin shago. Daga gidanmu a Kwararafa zuwa Masallacin Juma'a tafiya ce da bai taɓa ɗauka a bakin komai ba. Sai ga shi yana tsayawa sau biyu a hanya yana dafe ƙirji, in an yi magana ya ce sanyin Jos ne. Da ƙyar muka kai shi wurin likitan zuciya. Bayan gwaje-gwaje likitan ya ce yana zaton wata jijiyar da ke ciyar da zuciyar ta tsuke, dole a ɗauki hotonta daga ciki, ya rubuta mana takarda zuwa wani asibiti a Abuja.

Ga wanda bai san aikin ba, ga yadda yake. Ba a tsaga ƙirji. Ana huda babbar jijiyar jini, ko dai a gindin cinya ko a tsintsiyar hannu, a zura siririn bututu ya bi ta cikinta har zuwa zuciya, a tura wani ruwa da ke sa jijiyoyin su fito a hoto. In an ga wurin da ya tsuke sai a buɗa shi, a bar wata 'yar ragar ƙarfe da ake kira sitent ta tokare wurin. Dabarar shiga jijiya da allura da waya ta samo asali daga wani likitan ƙasar Suwidin, Seldinger, a 1953, buɗa jijiyar zuciya da balan-balan kuwa Andreas Gruentzig ne ya fara yi a Zurik a 1977.

Abin da mutane ba su cika tunani a kai ba shi ne fita. Jijiyar da ake hudawa ba irin wadda ake sa ƙarin ruwa a bayan hannu ba ce. Wannan ita ce mai bugawa, wadda jini ke gudu a cikinta da dukkan ƙarfin zuciya, kuma ramin da ake bari ya kai kaurin tsinken tsire. Ga shi kafin aikin an ba mara lafiya magungunan tsinka jini don kada gudan jini ya toshe bututun. Wato an huda bututun ruwa mai ƙarfi, an kuma raunana abin da zai liƙe shi.

Hanyar da aka gada ita ce hannu. Nas ko likita zai danne wurin da yatsu na minti 15 zuwa 20, wani lokaci fiye, sannan mara lafiya ya kwanta rigingine, ƙafa a miƙe, na awa 4 zuwa 6. In an sa sitent kuma jinin na tsinke sosai, akan jira wasu awanni kafin ma a zare bututun a fara dannawar. Daga tsakiyar shekarun 1990 sai kamfanoni suka fito da na'urorin da ke rufe ramin nan take. Akwai Angio-Seal mai matse ramin tsakanin wani ɗan maƙali daga ciki da toshi daga waje, duka su narke cikin wata biyu zuwa uku. Akwai Perclose mai ɗinke jijiyar da zare, akwai StarClose mai tsuke ta da ɗan ƙarfe. Ni dai duka matoshin jijiya nake ce musu. Sau ɗaya ake amfani da kowanne.

A asibitin, likita ya duba hannun Baba ya ce jijiyar ba ta gamsar da shi ba, ta cinya zai bi. Da yamma aka miƙo mana takardar lissafi. Can ƙasa akwai layi guda da aka rubuta cewa na zaɓi ne: matoshin jijiya, sama da naira 300,000. Ban ga laifin asibitin ba. Kayan nan da dala ake sayo su, a can Amurka ma farashin ɗaya na kai wa wajen dala 200, kuma a daidai wannan watan ne dala ta haura naira 1,500. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 30,000 ne a lokacin, sai a Yulin shekarar aka mayar da shi 70,000. Ku yi lissafin da kanku.

Yaya bai ko karanta sau biyu ba. Ya ce, "A saka. Ko bashi ne zan ci."

Na ce, "Yaya, ka bari in tambayi likitan me abin yake yi tukuna."

Ya dube ni wani iri. "Abin da zai hana jinin Baba zuba ne kike cewa a tsaya tambaya? Ke da kike harkar magani?"

Maganar ta soke ni, kuma na san ba shi kaɗai ke da wannan tunanin ba. A wurinmu idan iyaye na kwance, duk wanda ya ambaci kuɗi ya zama mara tausayi. Kunya ke sa hannu a takarda. Ga shi abin da aka riga aka tara don aikin kansa ya haɗa da filin Yaya da ya sayar, da adashina, da gudummawar 'yan uwa. Na san abin da ya rage a asusun, na kuma san abin da ke jiranmu bayan an sallame mu, wanda shi Yaya bai sani ba.

Daren nan ban yi barci ba. Ina zaune a kujerar roba kusa da gadon Baba ina karatu a waya, ina tuna abin da aka koya mana a jami'a game da auna amfanin magani da kuɗinsa. Tambayar ba ta wuce biyu: me wannan kuɗin zai saya mini, kuma me zan rasa saboda na kashe shi a nan?

Babban binciken da aka yi a kan wannan shi ne wanda aka gudanar a Jamus mai suna ISAR-CLOSURE, aka buga a 2014. Mutum 4,524 da aka ɗauki hoton jijiyoyin zuciyarsu ta cinya aka raba, wasu aka sa musu matoshi, wasu aka danne da hannu. Jinin masu matoshi ya tsaya cikin kimanin minti 1, na masu hannu cikin minti 10. Amma da aka ƙirga matsalolin da suka biyo baya a wurin hudar, masu matoshi kashi 6.9 cikin 100, masu hannu kashi 7.9. Tazarar ba ta kai a ce ɗaya ya fi ɗaya tsaro ba. Abin da binciken ya tabbatar shi ne matoshin bai gaza hannu ba. Tun kafin nan, a 2011, ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka sun rubuta a ƙa'idojinsu cewa ya dace a yi amfani da matoshi don a tsayar da jini da wuri mara lafiya ya tashi da wuri, amma ba su ba da shawarar a riƙa sa wa kowa da nufin rage zubar jini ko sauran matsaloli ba.

Na karanta wannan sau uku. Ashe abin da Yaya ke son saya, wato ceton rai, ba shi ake sayarwa ba. Lokaci ake sayarwa, da sauƙin kwanciya. Kuma matoshin na da nasa tangarɗa, ko da ba ta da yawa: yakan ƙi kamawa a koma wa hannu, yakan zama mazaunin ƙwayar cuta tun da baƙon abu ne aka bari a jiki, wani lokaci ya tare hanyar jinin ƙafa, musamman ga wanda jijiyoyinsa suka riga suka tsuke ko suka yi tauri.

To me ya sa a ƙasashen Turai da Amurka ake cewa yana rage kashe kuɗi? Saboda a can gadon asibiti da lokacin nas su ne masu tsada. Kwana ɗaya a asibitin Amurka ya ninka kuɗin matoshin sau da yawa. Idan abin dala 200 zai sa mutum ya tashi bayan awa 2 ya koma gida a ranar, a sa wani a gadon, asibiti ya ci riba. A wurinmu lissafin a juye yake. Kwanan gado da aikin nas da naira ake biya, matoshi da dala. Sannan ga abin da babu takardar binciken da za ta gaya muku: gidanmu ba a bayan asibitin yake ba. Daga Abuja zuwa Jos sai an bi Keffi, Akwanga, a hau Hawan Kibo, tafiyar awa 4 zuwa 5 in hanya ta yi kyau. Wane ne zai ɗauki tsoho da sabon sitent a zuciya da sabuwar huda a cinya ya sa shi a mota da la'asar ya nufi Hawan Kibo? Da matoshi ko babu, Baba kwana zai yi. Kuɗin gadon da ake cewa matoshin na ragewa, mu sai mun biya shi.

Da safe na tari likitan. Na ce, "Ranka ya daɗe, in mahaifinka ne, kuma kuɗin ba su da yawa, za ka saka?" Ya yi ɗan murmushi ya ce a jikin Baba bai ga dalilin da ya wajabta ba, ba shi da ƙiba, bututun da za a sa ba babba ba ne, kuma yana da nas ɗin da ya amince da hannunta. Ya ƙara da cewa kwanciyar za ta yi wa Baba wuya, in shirya.

Na koma na gaya wa Baba komai, don jikinsa ne. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Mamana, kwanciyar awa shida ce dubu ɗari uku? Na kwana a kan buhu a tashar mota don in tsare kayan da ba su kai haka ba." Yaya ya fita daga ɗakin bai ce uffan ba.

An yi aikin, an samu jijiya ɗaya ta tsuke ƙwarai, aka sa sitent. Kuma ba zan ɓoye muku ba, abin da ya biyo baya ya fi yadda na zata wuya. Sai da aka jira awanni maganin tsinka jinin ya sassauta kafin a zare bututun. Nas ɗin ta tsaya a kansa ta danna da yatsu, ina kallon agogo, minti 25 ba ta ɗaga ba, har hannunta na rawa. Sannan aka shiga kwanciyar. Baba na da ciwon baya, yana kuma da matsalar fitsari irin ta dattawa maza. A kwance fitsarin ya ƙi fita. Mutumin da ban taɓa ganin gwiwarsa ba, ga shi ana kawo masa kwalba 'yarsa na bayan labule. Ya yi Magariba da Isha da ishara. Wajen ƙarfe goma na dare na ji yana nishi ƙasa-ƙasa don kada mu ji, Yaya ya juyo ya kalle ni, bai ce komai ba, kuma da ya yi magana da ya fi mini sauƙi. A wannan daren da za a dawo da takardar, ina jin da na sa hannu.

Shi ya sa ba na yarda in ji mutum na cewa sauƙin kwanciya ba komai ba ne. Abu ne, yana da daraja, mai hali in ya saya wa mahaifinsa bai yi ɓarna ba. Abin da nake ƙi shi ne a saya bisa zaton rai ake fansa.

Washegari Baba ya taka da ƙafarsa. Jini ya kwanta a cinyar, baƙi kamar faɗin tafin hannu, ya yi sati biyu yana washewa. Muka ƙara kwana ɗaya a gidan 'yan uwa, muka kamo hanya.

Yanzu ga abin da na sani wanda Yaya bai sani ba a wancan dare. Sitent ba ƙarshen magani ba ne. Ƙarfe ne a cikin jijiya, kuma jini na son daskarewa a kansa har sai naman jijiyar ya rufe shi. Don haka dole mutum ya sha asfirin tare da clopidogrel ko ɗan uwansa kullum, wata 6 zuwa 12 gwargwadon yadda likita ya tsara, ga maganin rage kitsen jini irin su atorvastatin, ga na hawan jini, ga komawa ganin likita da gwajin ƙoda. Wanda ya yanke clopidogrel da wuri yana iya samun toshewar sitent ɗin farat ɗaya, kuma wannan bugun zuciya ne mai kisa. A bayan kanta nake, ina ganin yadda abin ke faruwa. Iyali su sayar da gona da fili a yi aikin miliyoyi, a dawo gida ana barka, bayan wata biyu sai ɗan ya zo ya ce, "Hajiya, a ba ni na kwana biyar, sauran sai an yi albashi." Wani ya ce a cire mai tsadar a bar masa asfirin kawai. Wani ba ya sake dawowa. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye, duk nairar da aka kashe a ɗakin tiyata an ɗebe ta ne daga wani wurin. Kuɗin da ba mu ba da na matoshi ba, na ware su a asusu daban, su suka riƙe maganin Baba na watanni masu yawa ba tare da ya tsallake kwana ɗaya ba.

In an miƙo muku irin wannan takarda, tambayar farko ma ba ta matoshi ba ce. Ku tambayi likita ko za a iya bi ta tsintsiyar hannu. Wani likita a Kanada, Lucien Campeau, ya fara bin wannan hanya a 1989, kuma yanzu ita manyan cibiyoyin zuciya suka fi bi. Jijiyar hannu ƙarama ce, tana kan ƙashi, ana ɗaura mata wani abu kamar agogon roba mai iska na 'yan awanni, mutum na zaune yana shan shayinsa, yana zuwa banɗaki da ƙafarsa. A binciken RIVAL na 2011 mai mutum 7,021, manyan matsalolin wurin huda sun kasance kashi 1.4 ga masu hannu, 3.7 ga masu cinya. Nan ne ake samun tsaron da Yaya ke nema, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na matoshi ba. Baba bai samu wannan ba saboda yanayin jijiyarsa, amma mutane da yawa za su samu.

In dole sai ta cinya, ku tambaya dalla-dalla: a jikin wannan mara lafiyan, me matoshin zai ƙara? Akwai waɗanda ni da kaina nake cewa su saya in da hali. Mai ƙiba sosai wanda yatsu ba sa kai wa ga jijiyarsa da kyau. Wanda ba zai iya kwanciya rigingine ba saboda numfashi ko ciwon baya mai tsanani, ko tsohon da hankalinsa ya fara rikicewa ba zai bar ƙafa a miƙe ba. Wanda za a sa wa babban bututu, ko wanda ba za a iya sassauta masa maganin tsinka jini ba. Ɗaya daga cikin mutum ukun da na ambata, mahaifiyarsa na da ƙiba da ciwon zuciyar da ba ya barinta ta kwanta sai da matashi uku. Na ce masa ya koma ya tattauna da likitansu, in ya ce jijiyarta ta dace, ya biya kada ya yi jinkiri. Ku kuma tambaya ko za a sallame ku a ranar. Masu inshorar lafiya, ta tarayya ko PLASCHEMA ta jiharmu, su tambaya tun kafin ranar aiki abin da inshorar ta ɗauka da abin da ba ta ɗauka ba.

Bayan an dawo gida, da matoshi ko da hannu, kulawar ɗaya ce. Kada a ɗauki abu mai nauyi na kusan mako guda. A guji yunƙuri da dogon tsuguno a banɗaki, a nemi na zama ko a sa kujera. Baba a zaune ya yi sallah kwanakin farko. Don Allah kada a gasa wurin da ruwan zafi, kada a murza da man zafi, na san hannun iyayenmu mata ba ya zama. In ana jin ciwo a sha farasitamol, a nisanci diclofenac da ibuprofen da haɗe-haɗen maganin ciwon jiki da ake ƙullawa a leda, domin a kan asfirin da clopidogrel suna iya jawo zubar jini a ciki. In jini ya ɓalle ko kumburi na ƙaruwa a ido, a kwantar da mutum a danne wurin da ƙarfi a nufi asibiti ana danne. Haka in ƙafar ta yi sanyi ko ta mutu, ko zazzaɓi da ruwa na fita daga wurin, ko ciwon baya da ciki tare da jiri. Wannan na ƙarshen na iya nufin jini na zuba ta ciki inda ido ba ya gani. Wanda aka sa wa matoshi ya adana katin da aka ba shi, ya nuna wa duk likitan da zai sake huda wurin a cikin wata uku.

Baba yanzu yana zuwa masallaci ba tare da tsayawa a hanya ba. Ranar Sallah ƙarama muna zaune a tsakar gida aka tayar da zancen Abuja, Yaya ya ce shi dai har yanzu in ya tuna nishin daren nan ransa ɓaci yake, kuma da za a sake, biya zai yi ko ina so ko ba na so. Ban yi masa musu ba, don ni ma na ji nishin. Baba na gefe yana ɓare goro, ya ce shi abin da ya tsaya masa a rai yarinyar nan ce da ta tsaya a kansa har hannunta na rawa, ko sunanta bai tambaya ba. Sannan ya juyo ya ce mini maganin safe saura na kwana huɗu, in taho da shi gobe in na tashi daga kanti.